Inda Yatsansa Ya Sauka

Ranar da Darakta ya sa aka jibge mini kwalaye shida a kan tebur, ban buƙaci buɗe su ba. Warin laka da tsohuwar takarda ya gaya mini komai. Littattafan Farfesa ne, awon ruwan kogi na shekara ashirin da bakwai.

"Matarsa ce ta aiko da su," in ji Darakta. "Ki shigar da su Rumbu kafin ƙarshen wata. Babu wanda ya auna kogin nan kafin a lalata shi sai shi. Da nasa za a san abin da ake son mayarwa."

Rumbu shi ne sunan da muke kiran babbar ma'adanar bayanai da aka kafa bara. A da cibiyoyi huɗu ne ke aiki a kan kogin, kowacce ta rungume alƙalumanta kamar za a ƙwace mata. Masu ƙirga kifi ba su san abin da masu awon ruwa suka samu ba, masu dasa itatuwa a gaɓa kuwa ba su ma san da kowa ba. Da aka tashi gyara, za a fasa tsohuwar madatsa a mayar da ruwa hanyarsa ta asali, sai aka ce kowa ya kawo nasa a zuba wuri guda. Ni aka ɗora a bakin ƙofar.

Rumbu ba ya jin roƙo. Ba ya karɓar awo sai an nuna masa a taswira daidai inda aka ɗebi ruwan. In ɗigon ya faɗi nesa da kogi, ya ja masa jan layi. In wuraren da aka ja wa jan layi suka wuce rabi, sai ya buga wa aikin gaba ɗaya hatimi cewa ba abin dogaro ba ne, kuma duk mai binciken da ya buɗe zai ga hatimin manne da sunan mai aikin.

To ga inda matsalar take. Farfesa bai taɓa rubuta wurin da ya ɗebi ruwa ba. Tsoron kada abokan aiki su sace masa wahalarsa ya sa ya raɗa wa wurarensa ashirin da uku sunayen da shi kaɗai ya gane: Inda Jaki Ya Mutu, Wandon Direba, Bakin Surukata, da ire-irensu. Yanzu kuma wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Na ce shi kaɗai ya gane, amma ƙarya nake yi. Shekara tara na yi ina bin sa cikin kwalekwale. Ni ke shiga laka har gwiwa in cika kwalabe, shi yana zaune a inuwar laima yana faɗin abin da zan rubuta. Bai taɓa kiran sunana ba, Mai Kwalba yake ce mini, har masu gadi suka ɗauka. Takardu goma sha ɗaya ya wallafa da ruwan da na ɗebo, ko a layin godiya babu ni. Da na samu gurbin ƙaro karatu, wasiƙar amincewarsa kawai ta rage, ya ajiye takardar a aljihun tebur har lokaci ya wuce. Da na tambaye shi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "In kin tafi wa zai wanke mini kwalabe?" Ban yafe ba, kuma ban taɓa yin kamar na yafe a raina ba. Wuraren nan ashirin da uku, ko ido rufe zan kai mutum.

Darakta sabon zuwa ne, bai san wannan ba. Na ce masa ƙa'ida ita ce mai aikin ya nuna wurarensa da hannunsa. Ƙa'idar kuwa tana nan a rubuce, ban ƙirƙire ta ba.

Ranar Talata da hantsi na ɗauki kwamfutar hannu na tafi gidan. Matarsa ta tarbe ni a ƙofa, ta rame, zanenta yana neman zagaye ta sau biyu. Tun ina bin Farfesa Mama nake ce mata, ita ce ke ba ni ruwan ɗumi in wanke ƙafa in mun dawo daga kogi.

"'Yata, ashe ke suka turo. Allah Ya yi miki albarka. Tun jiya da na gaya masa za a zo bai bar kallon ƙofa ba."

Sun mayar da falo ɗakin jinya. An ture kujeru jikin bango, gadon ƙarfe yana inda teburin cin abinci yake a da, ga kofin roba da tsinken zuƙa a kan akwatin talabijin. Farfesa yana jingine da matasai uku. Bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Idanun kuwa suna nan yadda na san su. Ya gane ni sarai.

"Ranka ya daɗe, ya jiki?" na ce.

Ya yi wani gurnani daga maƙogwaro.

"Yana miki sannu da zuwa," in ji Mama. Ta gyara masa wuyan riga. "Ai ke ma kin san wuraren nan, ko? Da kin taimaka masa."

"Mama, an daɗe. Kaina ya cika da na wasu. Kuma doka ce, sai shi da kansa."

Na ja kujera kusa da gadon, na buɗe taswira a allon kwamfutar, na riƙe masa a gaban ƙirji. Allon na taɓawa ne, inda yatsa ya sauka nan ɗigo zai zauna. Ana iya buɗa taswirar da yatsu biyu har kogin ya cika allon, ta yadda ko hannu na rawa ba zai kauce da yawa ba. Ban buɗa ba. Na bar ta a tsuke, kogin ya zama siririn zare, kan yatsa ɗaya ya isa ya rufe unguwa guda.

"Na farko, ranka ya daɗe. Inda Jaki Ya Mutu."

Ya ɗaga hannun hagu, wanda bai taɓa riƙe alƙalami da shi ba. Hannun ya taho yana karkarwa, ya nufi daidai lanƙwasar da ke ƙasa da gada. Ya san wurin, ni ma na sani. Yatsan ya zame ya sauka a tashar mota. Na danna ajiyewa.

Ya dube ni. Na dube shi.

"Na biyu. Wandon Direba."

Wannan ya sauka a kan rufin wata makaranta. Bakin Surukata ya faɗa tsakiyar kasuwa, har na kusa yin dariya. Sau biyu ya yi ƙoƙarin sake taɓawa, na janye allon kaɗan, na ce a hankali, "Ya riga ya shiga, ranka ya daɗe, mu ci gaba." Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Mama tana gefe tana masa fifita da murfin kwali, tana cewa, "Yi a sannu, Malam. Ka ga yarinyar nan ta bar aikinta ta zo dominka."

A wasu wuraren ya dace. In ya riƙe numfashi, ya dafa gwiwar hannun a kan matashi, yatsan yakan sauka a kan zaren. Na ƙirga su a raina, ina jin haushin kowane ɗaya.

Na goma sha bakwai shi ne Takalmin Mai Kwalba. A can laka ta taɓa cinye mini takalmi ƙafa ɗaya, ya yi dariya har da hawaye, ya sa na ƙarasa yinin ina ɗingishi a kan tsakuwa. Na karanta masa sunan. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga hannu. Bai nufi allon ba, ya nufi wuyan hannuna, ya dafa. Tafinsa da sanyi, ba nauyi. Ban san ko roƙo yake yi ko neman gafara ba. Tausayi ya taso mini, gaskiya ya taso. Na jira ya wuce, sannan na zare hannuna na mayar masa da allon.

Kafin azahar muka gama. Tara sun sauka a ruwa, goma sha huɗu a tudu. Na aika, Rumbu bai ɓata minti ɗaya ba ya dawo da amsa. Ga cikakken sunan Farfesa da duk digirorinsa, ga shekarun aikin, ga jan hatimi a gefe.

Mama ta dawo daga kicin da kofin shayi a faranti.

"Ya shiga, 'yata?"

"Ya shiga, Mama. Duk wanda ya buɗe zai ga sunansa."

Ta ajiye farantin, ta ɗaga hannu biyu sama tana godiya ga Allah. "Wallahi abin da ke hana shi sukuni ke nan. Nuna masa ya gani da idonsa. Ni tabarauna ya fashe, ba na ganin ƙananan rubutun nan."

Sai a lokacin na sa yatsu biyu na buɗa allon, har haruffan suka yi manya. Na kai masa daf da fuska. Karatu bai gudu daga kansa ba. Na ga idanunsa sun bi layin daga farko zuwa ƙarshe, suka koma suka sake bi. Leɓensa na sama ya yi ta motsi, babu abin da ya fito. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ya shige cikin kunnensa.

"Kin gani?" in ji Mama, ita ma idonta ya ciko. Ta sa bakin mayafi tana share masa. "Murna ce. Shekara arba'in muna tare ban taɓa ganin kukansa ba sai yau. Don Allah kada ki yi saurin ɗaukewa, bar masa ya ƙara kallo."

Na gyara zama, na riƙe masa allon da hannu ɗaya, na ɗauki shayin da ɗayan.