Muryar Baba Kafin Litinin

Ranar Alhamis likita ya ce Litinin da safe za su cire wa Baba maƙogwaro. Ciwon daji ne, kuma ya wuce a jira. Zai rayu, zai ci abinci, amma magana da muryarsa ta ƙare. Baba ya gyaɗa kai kamar an ce masa bas ta canja hanya. Ni kuwa da muka shiga mota sai da na daɗe kafin makulli ya sami raminsa.

Kafin ya zo Sydney ta Ostireliya, shekara goma sha tara Baba ya yi yana fassara fim a zauren coci, can gida ƙasar Tonga. A rage sautin majigi, shi ya tsaya gefen farin ƙyalle ya zama kowa, mace da namiji, har kare. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, don haka rabin labarin daga kansa yake fitowa, ya kuma raɗa wa 'yan fim sunayen mutanen da ke zaune a gabansa. Wanda ya fi yi masa suna shi ne fim ɗin nan na waƙe-waƙe, na matar gidan burodi da 'ya'yanta shida. Har yau tsofaffi a coci in sun gan shi sai su jefo masa wata magana daga ciki, su kwashe da dariya.

Ni ban taɓa ji ba, kuma laifina ne. A nan aka haife ni. Ina shekara tara muka sa kaset ɗin a falo, ya buɗe baki zai fara, na ce, "Baba, don Allah yi shiru, ai muna jin Turanci." Ya yi shirun. Yau shekarata talatin da ɗaya bai sake gwadawa ba, kuma duk sanda na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A daren Alhamis ɗin na roƙe shi ya yi min sau ɗaya in ɗauka a kyamara. Ya ce, "To, amma sai ina kallon hoton. Ba na yi da ka." Na zaro tsohon kaset ɗinmu, na tarar ya yi fumfuna fari fat. Na 'yar'uwata kuma, mijinta sarkin hankali ya naɗi wasan rugby a kai. Shagon hayar fim huɗu na zaga ranar Juma'a, kowa amsa ɗaya: kamfani ya janye tsofaffin, sabo na zuwa. A ƙofar shagon Mista Zammit na ga tallan, ƙato kamar tabarma. Fim ya cika shekara arba'in, za a fito da shi a faifan DVD, an wanke hoto an gyara sauti. Ranar fitowa Laraba. Laraba fa!

"Faifan sun iso, ko ba su iso ba?" na tambaye shi.

"Kalo," ya ambaci sunana, "kar ki ja min. Sai Laraba."

"Ga kwalin can bayanka, ina ganinsa."

"To kin gani. In ɗaya ya fita ƙofar nan kafin Laraba, kamfani ya daina kawo min kaya, shago ya mutu. Ke za ki ciyar da ni?"

Na ce zan biya kuɗin goma. Na ce zan dawo da shi kafin ya lura. Na yi masa rashin kunya, na kira shi mara imani, sannan na fashe da kuka a gaban wasu mutane biyu da suka zo mayar da fim. Da na samu na faɗi dalili, ya daɗe yana goge kantar da ba ta da datti.

"An ce kar ya fita," in ji shi. "Ba a ce kar in gwada ɗaya a talabijin ɗin shago ba. Kawo tsohon Lahadi da safe, babu mutane."

Na taho gida a guje da albishir, Baba ya dube ni sama da ƙasa. "Ranar Ubangiji? A shagon fim? Gara su yanke yau." Kuma wai ba zai yi wa bango fassara ba, sai da jama'a. Wallahi na so in yi ihu. Mutum saura masa kwana biyu da murya yana kafa min sharaɗi.

Gwaggo Silia, yayar Baba, ita ta raba gardamar. Ta ɗaura tabarmarta a ƙugu, yadda mutanenmu na Tonga ke yi don girmamawa, ta ɗauki tire na gwaza da naman gwangwani, ta tafi wurin Mista Zammit. Ban san me ta faɗa masa ba. Na dai san Asabar da ƙarfe biyu, lokacin da ya fi ciniki, ya juya allon ƙofa ya rufe shago, tsofaffi ashirin da wani abu suka baje tsakanin kantoci da kujerun roba da mafitai.

Aka rage sauti. Baba ya tsaya ƙarƙashin talabijin, ya yi gyaran murya, na danna kyamara. Muryar ta dishe, sai ka kasa kunne, amma da matar burodi ta fito ya ƙanƙance baki ya ce, "Ni ce Silia, burodina ya fi dutse, wanda ya ci ya nemi likitan haƙori," shago ya ɗauki dariya. Gwaggo ta jefe shi da mafici. Ya sa wa jakin fim sunan fasto. Waƙoƙin ma ba ya barinsu, yana ɗora musu nasa baitin, tsofaffi na amshi. Ni ina bayan kyamara ina addu'a: Allah ka bar masa ita ta kai ƙarshe.

Wajen minti arba'in muryar ta fara tsinkewa. Ya sha ruwa, ya yi tari, na ga jini kaɗan a hankicinsa ya yi maza ya dunƙule. Sai ga wani wuri ya fito wanda babu wanda ya sani, mijin matar a tashar jirgin ƙasa, ya durƙusa gaban ƙaramar 'yarsa. Mista Zammit ya raɗa min cewa cikin wuraren da aka yanke tun asali ne, yanzu aka mayar. Baba ya tsaya yana kallo, ba shi da abin da ya tanada.

Ina jin Turancin ƙasa-ƙasa. Mutumin cewa yake yarinya ta kula da jaka, kar ta matsa kusa da layin dogo. Baba ya ɗauki muryar mutumin, da ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Kalo," ya ce, idonsa a kan talabijin. "'Yata mai bakin tsiya. Jirgin nan zai tafi da wani abu nawa, ba zai dawo da shi ba. Kar ki bi shi da kuka, kin ji? Na yi surutun da ya ishi mutum uku. Abu ɗaya ne ke damuna, da me zan kira ki."

Ya haɗiyi yawu da ƙyar. Yarinyar fim ta ɗaga kai tana kallon ubanta.

"In kin ji an buga tebur sau biyu, ni ne. Kar ki ce ba ki ji ba, na san halinki."

Ya sake buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya gwada, ya kuma gwadawa. Saura fiye da awa ɗaya a fim ɗin, amma babu wanda ya ce a ƙara sauti. Gwaggo ta tura masa kujera, bai zauna ba. Ya miƙa hannu kan kantar Mista Zammit, ya dunƙule, ya buga sau biyu.

Na ce, "Na'am, Baba."