Hagun Shamsu

Shamsu ya ɗora aska a kan ƙoƙon duma da aka shafa wa sabulu, ya ja ta a hankali. Hannunsa na hagu, wanda ya kamata ya danne ƙoƙon, shi ma ya ja, kamar yana riƙe da wata askar. Ƙoƙon ya gangara cikin ƙasa.

"Sake," in ji mahaifinsa Illo, wanzamin da ke aski a gindin bishiyar dogon yaro a kasuwar Madarumfa.

Ya sake. Ƙoƙon ya sake faɗuwa.

"Illo, wannan ɗan naka mutum biyu zai riƙa yi wa aski a tare!" in ji wani masunci da ke jiran layi. Aka yi dariya. Illo ma ya buɗe haƙora.

Tun Shamsu na rarrafe haka yake: duk abin da dama ta yi, hagu sai ta kwaikwaya. An sha rubutu, an yi turare. Ga shi ya fara tsiron gashin baki, idon Illo kuma ya fara hazo, ba shi da wani ɗa namiji da zai karɓi zabirar da ya gada daga kakanni. Wa zai miƙa jaririn kwana bakwai ga hannun da ba ya tsayawa?

Hajara, uwar yaron, ta matsa har suka hau mota zuwa asibitin Maraɗi.

Likitar ta sa Shamsu ya dunƙule dama. Hagu ta dunƙule.

"Baba, ba iska ba ce," ta ce. "Jijiya ce. Tun yaro na ciki jijiyoyi ke tsirowa daga ƙwaƙwalwa, suna laluben hanya kamar yaɗon kabewa. A cikin bakin kowace akwai 'yan tsinkaye da ido ba ya gani. Suna haɗuwa ta wannan gefe, suna warwarewa ta wancan, da haka suke juya kanta. Ya kamata na ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa su tsallaka zuwa hannun dama. A jikinsa wasu ba su juya ba, sun miƙe. Shi ya sa saƙo ɗaya ke isa hannu biyu."

Fuskar Illo ta washe. Jijiya ai aikinsa ce.

"To a yanke wadda ta ɓata hanya mana. Ni wanzami ne, nuna mini wurin kawai."

"Ba ta ƙarƙashin fata, Baba. Tana can cikin ƙeya da ƙashin baya, a cakuɗe da masu lafiya."

"A ba shi maganin da zai sa ta sake tsirowa."

"Lokacin tsirowar ya wuce tun kafin ku ga fuskarsa. Amma lafiyarsa ƙalau. Zai yi noma, zai yi aure."

"Aska fa?"

Ta dubi yaron, ta girgiza kai.

Bayan kaka, ranar wani suna, Illo ya kusa yanke kunnen jariri domin bai ga inda gashi ya ƙare ba. Da la'asar ya aika aka kira Sa'idu, ɗan ƙanensa, wanda ya koyi aski wajen wani wanzami a Gabi.

"Shamsu, ɗauko zabira ka ba yayanka."

Shamsu ya ciro ta daga ƙusa. Fatar ta yi baƙi saboda gumin hannuwa. Ya tsaya gaban Sa'idu, ya miƙa da dama.

"Kawo, ƙane," in ji Sa'idu cikin tausasa murya. "Ai gida ɗaya ne."

Ya kama igiyar ya ja. Shamsu bai saki ba.

"Saki mana," in ji Illo, idonsa na ƙasa.

Nan Illo ya ga hannun hagun Shamsu, a rataye gefen wando, babu komai cikinsa, a dunƙule tamau kamar yadda dama ta damƙe igiyar.