Ƙaramar Motar Waino

Ina tsaye a farfajiyar Waino Kangas, maƙwabcinmu na tsallaken titi, lokacin da suka ɗaura wa sabuwar akori-kurarsa tsohuwar garmar ture ƙanƙara. Makaniken na sakin jak, sai goshin motar ya durƙusa har bakin garmar ya kafe a ƙasa.

"Ai na gaya maka, tsoho," in ji makaniken yana goge hannu. "Wannan motar cefane ce. In ka matsa mata, giyar motar da ƙafafun gaba duk za su tafi kafin Kirsimeti."

Waino ya zaga motar, ya ɗan shure tayar. "Amma fa ba ta shan mai. Aili, kin ji? Har na manta hanyar gidan mai."

"To sai ka jiƙa man ka sha," na ce.

Ya yi dariya, ni ban yi ba. 'Yarsa Kaisa ce ta zo daga Milwaukee da rani, ta ga tsohuwar motarsa, ƙatuwar nan mai shan dizal kamar bokiti mai huda, ta kuma ji abin da likita ya faɗa kan zuciyarsa. Ta tasa shi gaba har aka canzo masa wannan 'yar tsurut. Ba na ganin laifinta. A tunaninta in babu garma dole ya zauna. Ta daɗe a birni, ta manta yadda muke: wanda ya buɗe maka hanya a ƙanƙarar farko, hanyar tasa ce har ƙanƙara ta narke. Ba a yi masa tayin lada, sai dai kofi da burodinmu na gida mai ɗumi, wanda muke kira nisu. Ba kuma a jin ya ce ya gaji.

Waino ke buɗe tamu tun da ƙodar mijina Arvo ta daina aiki. Litinin, Laraba da Juma'a nake kai shi asibiti wankin ƙoda, da safe. In ya rasa zuwa ɗaya ƙafafunsa su kumbura, in ya rasa biyu numfashi ya fara gagararsa.

Sauran gidajen da Waino ke yi, wani mai babbar mota ya karɓe su. Mu ma ya ce zai riƙa zuwa, amma sai ya gama da harabar kantuna, wajen azahar. Don haka na koma shebur, ni da bayan nan nawa. Na gaji a wannan hunturu, gajiyar da barci ba ya saukewa. Na gaji da ɗaga Arvo, na gaji da duban sama, wani lokaci har da shi kansa Arvo, Allah na tuba.

A Janairu iska ta taso daga tafki, ta yi ta zuba babu ƙaƙƙautawa. Ranar Laraba aka rufe titi, muka rasa wankin. Juma'a da safe sama ta washe, katafilar ƙaramar hukuma ta wuce. Aikinta ke nan kullum: ta share titi, ta tura komai bakin hanyar mutane. Ta bar mana katanga har ƙirji, mai tauri kamar siminti. Arvo na kan kujera, ƙirjinsa na fito. Na kira mai babbar mota, ya ce in yi haƙuri, sai azahar.

Na fita da shebur, na tarar Waino ya riga ni. Ya ma ci kusan kamu uku na katangar.

"Waino, ka haukace ne? Ajiye abin nan!"

"Hanyata ce."

"Likita ya ce me?"

"Likita a gidan bene yake, wani ke share masa. Ke dai kama can gefen, surutu ba ya narkar da ƙanƙara."

"Wallahi Kaisa zan kira."

"Kira ta. Ki ce ta turo wanda ya sayar mata da motar, ya zo da cokali."

Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Mai hali ba ya fasa halinsa, ni kuma ina jin tarin Arvo ta bayan taga, sai na kama ɗaya gefen. Yana sara yana jifa, yana tsayawa yana dafa cinya, ya sake sara. Da muka samu faɗin da mota za ta wuce, ya jingina da akwatin wasiƙu. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi ya daskare a girarsa.

Na fito da Arvo a mota. Ya sauke gilas da kyar. "Tsoho, ka sha aiki."

"Kai dai je a wanke ka, ka fara wari."

"Kofi na kan murhu," na ce. "Ka shiga ka zauna, ƙofar a buɗe take."

"Yanzu kuwa. Ku tafi kar a ba wani injin wankin."

Mun isa a kan lokaci. Ina zaune gefen Arvo, ina kallon jininsa na zagayawa cikin roba, aka kira ni. Mai raba wasiƙu ce ta sami Waino zaune a matakalar ƙofarmu, babu rai, ya cire safar hannu ɗaya, bai kai ga shiga ba.

Ni na gaya wa Kaisa. Ta ce, "Don ya huta fa na yi, Anti Aili." Na ce na sani. Sai muka shiga maganar jana'iza, don ƙasa ta daskare, ba za a iya haƙa masa kabari ba sai Mayu.

Da la'asar na dawo da Arvo, numfashinsa ya daidaita, har yana neman abinci. Na kwantar da shi, na fito rufe gareji, na dubi tsallaken titi. Waino bai taɓa tasa farfajiyar ba. Ƙanƙara ta kwanta lumui har gindin tagogi, babu komai a kanta sai sawun ƙafarsa mai zurfi daga ƙofar kicin, ya miƙe ɗoɗar zuwa wajenmu.