Kaɗan ɗin Malam Tela

Babban yatsansa na dama ya fi na hagu faɗi. Na lura da haka ran da na fara aiki a cibiyar koyon sana'a, lokacin da ya turo min kujera. Shekara talatin Malam Tela yana koyar da ɗinki a ɗakin nan. Ni kuma, da na gama jami'a, aka ɗauke ni in koya wa ɗalibai sabon injin yanka, wanda ake shigar masa da awo ta kwamfuta ya yanke yadi da kansa.

Shugabar cibiyar ta faɗa a gabanmu cewa zuwa ƙarshen zango, duk malamin da darasinsa bai shiga injin ba, sai ya je gida ya huta. Malam ya ci gaba da goge almakashinsa.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mana. Malam zai auna ƙirji da tef, ya faɗi lamba, sai ya ce, "A ƙara kaɗan."

"Baba, kaɗan ɗin nawa ne?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa. "Injin lamba yake so."

"Kaɗan dai, 'yar boko. Ke da sikeli kike sa gishiri a miya?"

Ɗalibai suka yi dariya. Wata da suke kira Doguwa ta ce, "Malama, haƙuri za ki yi. Mu shekara guda ke nan muna tambaya."

Na shigar da lambobin haka nan, babu kaɗan. Da aka ɗinka rigar, Doguwa ta saka, hannunta ya ƙi ɗaguwa.

"Wannan riga ce ko ɗaurin talala?" in ji ta.

Magana a cikin mutane tana min wuya, amma kallo ba ya min. Na koma bayan aji, sati biyu ina kallon hannun Malam. In ya ce kaɗan, sai ya kwantar da babban yatsan nan kusa da layin alli, ya ja wani layin. In ya ce ɗan kaɗan, da gefen yatsan yake kwantarwa. A hammata kuwa yakan ce a sakar mata, ya sa yatsan sau biyu. Shi kansa bai san yana yi ba.

Ran nan bayan an tashi na ce, "Baba, ara min hannunka."

"Yau kuma ni ake aunawa?"

Santimita biyu da rabi. Gefen, ɗaya da 'yan kai. Na shigar da su, na sa musu sunayen da yake kiransu, ina jin daɗi na tsirar masa da aikinsa.

Ranar gwaji shugaba ta zo. Injin ya yanka, ɗalibai suka hau kekunan ɗinki. Doguwa ta saka rigar, ta ɗaga hannu biyu sama, ta juya.

"Madalla," in ji shugaba. "Malam, ka tsira, darasinka ya shiga. Yanzu ko ba ka nan, hannunka yana cikin injin."

Yabo take nufi. Na so in ce yatsan kawai na auna, ban auna yadda yake duban tafiyar mutum kafin ya zaɓi wane kaɗan ba. Na buɗe baki, amma ɗalibai sun riga sun kewaye kwamfutar, kowa yana so a yanka tasa.

Malam ya matso wurin Doguwa. Ya kama gefen rigar, ya ɗora yatsansa a kan ɗinkin. Daidai. Ya gwada hammata, nan ma daidai. Ya gyaɗa kai.

Ya koma teburinsa, ya jera tef da almakashi yadda yake so ɗalibai su riƙa jerawa. Allin kaɗai ya jefa a aljihu. Ya tura kujerarsa ciki a hankali don kada ta yi ƙara, ya bi ta bayan kekunan ya fita.