Talatar Hajiya Uwa

An yi wa Abla Halimatussa'adiya, wato Malama, salla a Haramin Madina ranar Asabar bayan la'asar, maza suka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a. 'Yarta Bilkisu ta koma gidansu na unguwar Sultana, ta tsaya a kicin tana wanke kofunan gahawa waɗanda tuni an wanke su. Shekarar marigayiyar tamanin da huɗu. Bilkisu ce ta shiga ɗakin da safe ta tarar hannunta ya yi sanyi. Tun daga lokacin take jiran kuka ya zo mata, bai zo ba.

Kwana uku falon a cike yake. A rana ta biyu mata suka ciko ƙaramar bas daga wani gari na hanyar Yanbu inda Abla ta koyar shekara talatin da ɗaya a firamaren 'yan mata. Akwai likita a cikinsu, akwai masu jikoki, kowacce da labarinta. Wata ta ce a shekarar da aka buɗe makarantar iyaye maza sun ƙi ba da 'ya'yansu, Abla ta bi gida gida, sau bakwai tana zuwa wajen babanta kafin ya haƙura. Wata ta tuna ranar da ruwa ya cika kwari ya yanke hanya, Abla ta riƙe yara goma sha ɗaya a aji kwana biyu, tana dafa musu shinkafa a kan risho. Tsofaffin unguwa kuma suka kawo nasu: bayan ta yi ritaya ta dawo Madina, ita ce mai cika musu takardu, mai raka su asibiti ta yi musu tafinta, mai wankan gawa idan mace ta rasu ba ta da kowa.

Bilkisu tana gyaɗa kai tana cewa amin. Kamar labarin wata baƙuwa ake ba ta. Abin da ita ta tuna shi ne tukunya a rufe a kan murhu da ƙaramar takarda a gefe: ki ɗumama ku ci, zan daɗe.

Ranar Talata da hantsi, bayan an naɗe tabarmin aro an mayar, aka buga ƙofa. Sundus, 'yar Bilkisu, ta buɗe, ta dawo tana cewa da Larabci wata tsohuwa ce, ba ta gane abin da take so ba.

Tsohuwar gajeriya ce, ta dogara da sanda, ɗaya hannun riƙe da takarda a cikin leda. Hawa bene ya sa tana haki.

"Sannu 'yata. Ni ce Uwa, ta bayan kasuwar kayan miya. Ki ce wa Malama ta fito, yau ne mau'idin ganin likitan idona, kar mu makara."

Bilkisu ta dube ta. Ashe a duk taron nan babu wanda ya tuna ya gaya mata.

"Inna, Allah ya yi mata rasuwa. Tun ranar Asabar."

"Na'am?"

Sai da ta ɗaga murya ta maimaita, har maƙwabciya ta leƙo. Hajiya Uwa ta lallaba ta zauna a kan matakala. Ta yi innalillahi sau uku, ta share idon da dama yake ruwa. Can ta ɗaga ledar ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "To yanzu wa zai kai ni?"

Bilkisu ta shiga ciki ta sako abaya. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, ƙafafunta ne suka tafi.

A tasi tsohuwar ta yi ta magana. Daga Damagaram mijinta ya kawo ta, ya rasu ya bar ta, shekara arba'in ke nan Larabcinta bai wuce na cefane ba. Shekara shida Malama tana raka ta.

"Zuwanmu na ƙarshe ni na riƙe ta a ƙofar asibiti, numfashinta yana sarƙewa. Ta ce kar in kuskura in gaya miki, za ki hana ta fita."

"Da na hana," in ji Bilkisu, tana kallon shagunan da ke wucewa.

Likitan ya haska idon ya yi bayani da sauri. Bilkisu ta juya za ta fassara, Hausar ta tsaya mata a wuya. A gida ta iya ta, Hausar abinci ce da faɗa da gaisuwa, ba ta taɓa shiga asibiti da ita ba.

"Ya ce akwai farin ruwa... wani abu ya rufe..."

"Yana ce, 'yata. Yanar ido. Malama ta gaya mini tun bara. Tambaye shi ko zai cire."

Zai cire, ranar tara ga watan gobe. Za ta zo ba ta ci komai ba, kuma dole da mai rakiya. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo takarda tana tambayar sunan mai rakiyar. A layin akwai sunan Abla da lambar wayarta. Bilkisu ta karɓi biro. Ta daɗe tana kallon sunan, har ma'aikaciyar ta kira ta khala, wato inna, ta ce, "Akwai mutane a bayanki." Ta ja layi a kansa, ta rubuta nata a ƙasa.

A hanyar dawowa Hajiya Uwa ta sa aka tsaya ta sayi burodi. A ƙofar gidanta ta kama hannun Bilkisu ta yi wa Malama addu'a mai tsawo, direba yana danna hon.

Da Bilkisu ta isa gida Sundus ta tambaye ta ina ta je, ta ce asibiti. Ta zauna a bakin gado da abayarta, ta cire takalmi ɗaya. A haka kiran sallar azahar ya same ta.