Baƙon Bencin Baya

Jiya da dare wani mafarki ya kai ni majami'armu, sai dai an ɗora ta a bayan kunkuru, tana tafiya a hankali. Ban yi mamaki ba. Na ɗauki littafin sanarwa kamar kowace Lahadi, tunda ni ne magatakarda.

Dattijon ikilisiya, Baba Habila, ya zama talotalo, amma da tabaransa. Ya ce, "Irmiya, ta da baƙi."

Na ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu. Mutum ɗaya ya miƙe a bencin baya. Na ga tabon ƙusa a tafin hannunsa, na gane Yesu ne. Shekara uku ina roƙon in gan shi kusa.

Na tambaye shi, "Daga wace ikilisiya?"

Ya ce, "Daga nan."

'Yan zumuntar mata suka yi masa waƙar maraba, kifaye suna fitowa daga tulunan da suke kaɗawa.

A wurinmu ba a barin baƙo ya tafi da yunwa, wani ke kai shi gida. Baba Habila ya nuna ni da fiffike. Na ce, "Ubangiji, ɗan jira ni, muna da taron matasa. Minti biyar."

Sai ga ni a taron matasa cikin rijiya. Daga nan koyon waƙa a kan tsamiya. Daga nan kwamitin gini, inda bulo da kansu suka zaɓe ni shugaba. A ko'ina sunan Yesu muke kira, da ƙarfi kuwa.

Da na dawo, bencin ya yi saiwa ya fid da ganye. Yana nan zaune, yana ɓare gyaɗa.

Shugabar mata, Mama Rifkatu, ta wuce da tsintsiya. Ta ce, "Ɗana, kai ne mai baƙon? Tun kana goye muke share ƙarƙashin ƙafarsa."

Na tsaya a gabansa. Na buɗe baki in faɗa masa abin da ke raina, sai sanarwa ta fito: ranar Laraba akwai addu'a, ƙarfe huɗu.

Ya ce, "Na sani. Nakan zo." Ya matsa gefe. "Ajiye littafin. Zauna."

Littafin ya manne a hannuna. Ya ce ba komai, in zauna da shi haka.

Na lanƙwasa gwiwa, saura kaɗan in taɓa bencin, sai maƙwabcinmu ya ta da injin markaɗe.