Sunan Ɗan Fari

"Baba, ya sunan ɗan naki da aka kashe?" in ji matashin likitan, biro a hannu.

Nagoggo ta ja mayafi ta rufe baki. Saudat, maƙwabciyarta da ta lallaɓo ta har asibiti a Kaura, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari fa, jama'a! Wace Bafulatana ce za ta kama sunan ɗan farinta, ko yana cikin kabari? Sau uku yana tambaya, sannan ya rubuta wani abu.

A hanya tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, mai rubuta sunayen Fulani, wa za shi kai ma takardar? 'Yan sa-kai?"

Ita ma Saudat abin ya tsaya mata a rai.

Tun da Nagoggo ta gudo daga Gurbin Bore take zaune a ɗakin zaure, tana kallon bango. Tuwo ya shiga, tuwo ya fito. An yi rubutu, an yi tofi, shiru. Saudat ta yi ta cigiya, har aka kwatanta mata wata Malama A'isha, ma'aikaciyar jinya daga Shinkafi, wadda ta koyi duba masu ciwon damuwa, kuma tana jin Fulatanci.

Ranar da ta zo, Saudat ta zauna bakin ƙofa, wai tsintar wake take yi, kunnenta kuwa yana ciki.

"Ina takardar taki?" Nagoggo ta tambaya, idonta a kan jakar.

"Ban zo da ita ba, Inna."

"Wa ya aiko ki?"

"Maƙwabciyarki. In kin ce in tashi, in tashi."

Ba ta ce ba. Malama ta gyara zama, Saudat ta ci gaba da waken. Can Malama ta ce, ba tare da kama sunan ɗan ba, "Babban gida, cikin shanunshi wace ya hi so?"

"Wata ja," in ji Nagoggo a hankali, "mai karyayyen ƙaho. Shegiya, ba ta jin kowa sai shi."

Daga nan harshe ya juye Fulatanci. Saudat ba ta ƙara gane komai ba, sai kukan, shi kam ba ya buƙatar tafinta.

Sau huɗu Malama tana zuwa. Amma jikin tsohuwar ya riga ya ƙare. Wata Laraba da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan an fita da ita, Saudat ta shiga naɗe tabarma. Ta tarar da ƙwaryar furar da ta kai da safe, an sha fiye da rabi, ludayin kwance a ciki.